Sardauna da bashin manomi: Daga ofishin Gusau zuwa Bankin Arewa

A shekarar 1938 aka tura Ahmadu Sarkin Raba zuwa Gusau. Shekarunsa 28, kuma bai daɗe da rasa sarautar da ya fi ƙauna ba. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a wannan shekara, aka naɗa Abubakar ya zama Sarkin Musulmi na 17, shi kuwa Ahmadu aka ba shi sarautar Sardauna wadda sabon Sarkin ya bari. Aka ba shi kujera a majalisa, aka kuma ce ya tafi gabas ya kula da gundumomi 14 daga cikin 47 da ke ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ana iya kallon wannan aike ta fuska biyu. Girma ne babba ga matashi mai irin waɗannan shekaru, amma kuma ya nesanta abokin takarar Sarki daga fada da tafiyar kwanaki.

In an ambaci Sir Ahmadu Bello yau, abin da ke zuwa a zuciya shi ne jami'ar Zariya da masaƙar Kaduna da manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa. Ba a cika tsayawa a kan abin da ya yi game da bashin talaka da ajiyarsa ba, balle abin da ya gagare shi. Wannan ɓangare na tarihinsa ya cancanci a duba shi da idon basira, domin hukumomin da ya kafa su ne ƙoƙari na farko da gwamnatin 'yan ƙasa ta yi a Arewa na kai rance ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma tuntuɓen da suka yi shi ne wanda ake ta maimaitawa har gobe. Ƙasar da ya fara ganin matsalar ido da ido ita ce wadda ake kira Jihar Zamfara a yau.

An haife shi a Raba a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya zauna daga 1926 zuwa 1931. Ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, sannan a 1934 aka naɗa shi Sarkin Raba. Aikin hakimi a zamanin Turawa kusan dukkansa haraji ne: a ƙidaya magidanta, a rubuta, a karɓa, a kai baitulmali ba tare da anini ya yi ciwon kai ba. Da wannan horo ya isa Gusau.

Garin da kuɗi suke

Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, amma layin dogo ne ya mayar da ita gari na ciniki. Layin ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Cikin shekaru kaɗan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo suka cika Sabon Gari, kamfanin auduga na BCGA ya kafa gidan gurza. Auduga da gyaɗa daga ƙasar 'Yandoton Tsafe da ta Sarkin Fulanin Bungudu, da Kwatarkwashi da Maru, duk a nan suke haɗuwa kafin su kama hanyar Ikko. Sarauta tana Sakkwato, kuɗi kuwa suna Gusau, kuma sabon Sardauna shi aka ɗora wa duba yadda rabon En'e zai fito daga cikinsu.

Manomin da ya noma wannan arziki ba shi ne ke cin moriyarsa ba, kuma dalilin yana cikin yadda shekararsa take juyawa. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da aiki ya fi yawa a gona, su ne kuma lokacin da abinci ya fi ƙaranci a gida. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nufi ƙofar mai hali, ya karɓi damin gero ɗaya bisa alkawarin zai mayar da biyu da kaka. Wannan ninki ne cikin wata uku ko huɗu, kuma babu takarda, babu alƙali, sai kunya da tsoron kada a hana shi baɗi.

Akwai kuma bashin da ke gangarowa daga kanti. Kamfani yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa 'yan baranda, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manoma tun gyaɗa tana cikin ƙasa, bisa sharaɗin su za a sayar wa, a farashin da suka yanka. Kowane hannu a wannan sarƙa yana gutsurar nasa. Da kaka ta yi sai haraji ya zo, kuma da tsabar kuɗi ake biyansa, fam da sule da kwabo. Kowa ya fito da amfaninsa kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Manomi ya sayar da hatsi da araha a Nuwamba, ya dawo ya saye shi da tsada a Yuli, sau da yawa daga hannun wanda ya sayar wa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa sai ya jinginar da gona, ko ya ɗauki sanda ya tafi cin rani.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba su zauna hannu rabbana ba. Mata suna da adashi, suna da asusu, suna da akuya da tunkiya da ake kiwo don ranar buƙata, ga gudummawar biki wadda ita ma ajiya ce da ake sa ran za ta dawo. Bafulatani kuwa garkensa ne taskarsa. Waɗannan dabaru sun riƙe gidaje da yawa, sai dai suna da iyaka. Adashi yana aiki ne idan buƙatun 'yan zubi sun sha bamban, wannan na da suna a wannan wata, waccan na da aure a wata mai zuwa. Idan damina ta ƙi, kowa a ƙauyen yana neman kwasa a rana ɗaya, kuma babu mai abin zubi.

Turawan mulki sun san da wannan. A 1934 wani masanin ƙungiyoyin gama kai mai suna C. F. Strickland ya rubuta wa gwamnati rahoto, a 1935 aka yi dokar kafa ƙungiyoyin, amma ƙarfin aikin ya tafi ga manoman koko na Yamma. A Arewa, rancen hukuma da manomi zai iya gani shi ne na garmar shanu, inda En'e ke ba mutum bijimai da garma ya riƙa biya a hankali, kuma galibi dagatai da masu manyan gonaki ne suke samu. Bankunan da ke Arewa, wato Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma da Barclays, na kamfanoni ne da gwamnati. Har yau ana ba da labarin yadda Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 ya ajiye a bankin Kano a 1929, kuma labarin ya rayu ne saboda abin baƙo ne a ga ɗan ƙasa a bakin kantar banki.

Yaƙi, yunwa da shari'ar jangali

Shekara ɗaya da zuwansa Gusau Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus, iyakar arewa ta zama abin sa ido. Gwamnati ta ɗora wa gundumomi kawo hatsi a farashin da ta yanka, da kawo sojoji, da kawo leburori na tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Irin waɗannan umarni ta hannun sarakuna da hakimai suke bi, kuma a gabashin Sakkwato ofishin Sardauna ne mashigarsu. A 1942 aka yi yunwar da mutanen Katsina suke kira 'Yar Gusau, sunan da ake dangantawa da yadda jama'a suka yi ta tururuwa zuwa garin neman hatsi. A irin wannan shekara ne ake gane bambancin mai rumbu da mai bashi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: a teburin haraji, Sardauna yana zaune ne a gefen mai karɓa. Ya san lissafin talaka ciki da bai, amma ya san shi ne ta littafin ma'aji. Wannan ya ba shi ilimin da kaɗan daga cikin 'yan bokon zamaninsa suke da shi, ya kuma cusa masa imanin da bai taɓa rabuwa da shi ba, cewa duk wani alheri da za a kai wa talaka sai ya bi ta hannun hakimi da dagaci.

A 1943 kuɗin haraji suka kusa kawo ƙarshen tafiyarsa. An zarge shi da karkatar da kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya, aka soke hukuncin, aka wanke shi. Matasa 'yan boko na Arewa sun ɗauki shari'ar a matsayin bita da ƙulli na fada, kuma ita ce ta fara sanya sunansa a bakin mutanen da ba su taɓa taka Sakkwato ba. Daga baya aka sasanta shi da Sarki, ya koma birni a 1944 ya riƙe manyan ayyukan En'e.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ya je Ingila a 1948 nazarin mulkin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1949, ya zama minista a 1952, sannan a 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa. A 1949 da 1950, lokacin da shi yake hawa, wani malamin makaranta yana koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, maƙwabciyar Bungudu, yana kallon rayuwar manoman nan daga ɗaya gefen teburin. Sunansa Aminu Kano. A ƙarshen 1950 ya ajiye aiki ya shiga NEPU gadan-gadan.

Kuɗin wa aka ba wa rance?

Kafin a fahimci hukumomin rance na Sardauna sai an san daga ina jarinsu ya fito. A lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe cinikin gyaɗa zuwa ƙetare, a 1949 kuma aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga. Tsarin shi ne hukuma ta yanka farashin da za a biya manomi a farkon kaka, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe abin da ya saura. An ce za a ajiye kashi 70 cikin 100 na rarar don tallafa wa farashi a shekarar da kasuwa ta faɗi, kashi 22 da rabi don ayyukan raya yankin da ya noma, kashi 7 da rabi don bincike. A 1954, shekarar da ya zama Firimiya, aka raba hukumomin bisa jihohi, Arewa ta sami Hukumar Cinikin Amfanin Gona tata, tare da rabonta na dukiyar da aka tara.

Wannan ajiya ce ta tilas, kuma ita ce ajiya mafi girma da manomin Arewa ya taɓa yi. Ba a tambaye shi ba, ba a ba shi littafin asusu ba, ba zai kuma iya zuwa ya ce a ba shi sule goma daga ciki ranar da rumbunsa ya ƙare ba. Dalar gyaɗar Kano da aka yi ta ɗauka hoto, wadda ta kai Najeriya sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a farkon shekarun 1960, guminsa ce. Da irin waɗannan kuɗi gwamnatin Sardauna ta sa hannu a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da wasu masana'antu, har da masaƙar Zamfara da aka kafa a Gusau a tsakiyar shekarun 1960, wadda ta ba audugar yankin inda za ta tsaya ta zama yadi.

A 1956 aka haɗe hukumomi biyu da aka gada daga Turawa, ta raya ayyukan noma da ta ba da rance, suka zama hukumar raya Jihar Arewa wadda daga baya aka fi sani da NNDC. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne ba 'yan Arewa rance su kafa sana'a. An ba da na sayen manyan motoci, da na injin niƙa, da na jarin kasuwanci. Manufar a fili take: sufuri da kwangila da cinikin amfanin gona suna hannun Turawa da Kwarori da 'yan Kudu, Firimiya kuwa yana son ganin 'yan Arewa a cikinsu. Ta wannan fuska an ci nasara gwargwado, domin attajirai da dama na Kano da Gusau da Funtuwa a wannan zamani suka miƙe.

Sai dai takardar neman rance tana bi ne ta hannun En'e da hukumomin lardi, inda sarakuna da jiga-jigan NPC suke zaune. Wanda ya san wani shi ke samu. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner, a littafin da ya wallafa a 1966 kan noma da gwamnati a Najeriya, ya nuna yadda hukumomin rance na jihohin ƙasar duka uku suka yi fama da cuta iri ɗaya, wato siyasa wajen zaɓen wanda za a ba da sakaci wajen karɓo bashi. Arewa ba ta kuɓuta ba. Kuɗin da aka tsakura daga mudun manomin Tsafe sun koma rancen mota a hannun ɗan kasuwar da ke sayen gyaɗarsa. 'Yan NEPU sun yi ta nanata wannan a dandalin siyasa, kuma a kan wannan batu ƙorafinsu yana da tushe.

Gama kai

Inda gwamnatin Sardauna ta fi kusantar ƙofar talaka shi ne ƙungiyoyin gama kai. A 1956 Jihar Arewa ta yi dokarta ta ƙungiyoyin, aka ba harkar matsayi a ma'aikata, aka tura jami'ai larduna. Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma an auna ta daidai da ciwon. Manoman ƙauye za su haɗu su yi rajista, kowa ya sayi hannun jari kaɗan. Gwamnati za ta tsaya musu a banki, a ba ƙungiya kuɗi kafin damina, ta raba wa 'ya'yanta su sayi iri da abinci su biya 'yan ƙwadago. Da kaka su kawo gyaɗa ko auduga ga ƙungiya, ta sayar wa hukuma, ta cire bashinta, ta miƙa musu sauran. Da abin ya tafi yadda aka tsara, da ɗan baranda ya rasa abin yi, da kuma dami biyu sun daina fita daga rumbun wanda ya ari ɗaya.

Ƙungiyoyi sun yawaita cikin sauri, kuma saurin yana cikin abin da ya illata su. Mutane da yawa sun shiga ne don an ce gwamnati tana rabon kuɗi, ba a kuma tsaya an gina ɗabi'ar zubi da ajiya ba kafin a fara ba da rance. Ƙungiyoyin Raiffeisen na ƙauyukan Jamus, waɗanda su ne uwayen wannan tsari tun ƙarni na 19, ƙarfinsu yana cikin cewa maƙwabta ne ke lamunce wa juna, kowa yana sa ido domin asara ta kowa ce. A nan kuwa kuɗin daga sama suke zuwa, kuma abin gwamnati a idon mutane da yawa ba bashi ba ne. Shugabancin ƙungiya sau da yawa yakan faɗa hannun dagaci ko ɗan kasuwar ƙauye, wato mutumin da aka kafa ƙungiyar don a kuɓuta daga hannunsa. Wasu lokuta kuɗin sukan iso bayan an gama shuka. Basussukan da ba a biya ba suka taru, kuma bincike da aka yi daga baya a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya tabbatar da cewa masu hali na ƙauye ne suka fi cin gajiyar tsarin.

A 1967, shekara ɗaya bayan rasuwar Sardauna, wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin rayuwar manoma. Abin da ta gani ya fi kowane rahoton ofis bayyana iyakar aikin: mafi talaucin manoma suna sayar da hatsinsu da kaka, suna ƙwadago a gonakin wasu da damina, kuma talaucinsu ya kai inda ko mai ba da bashi ba ya son ganinsu.

Bankin Arewa da batun kuɗin ruwa

Yamma tana da National Bank tun 1933, ta kuma kafa bankin gama kai a 1953 da kuɗin koko. Gabas tana da ACB na Nnamdi Azikiwe da nata bankin gama kai. Arewa ba ta da ko ɗaya, sai a 1959, shekarar da ta sami mulkin kai, aka yi rajistar Bankin Arewa, ya fara aiki a Kano a 1960. An kafa shi ne da haɗin gwiwar Bankin Intra na Lebanon, mallakar Yusuf Baidas. Ya zama bankin gwamnati da na En'e-En'e, ya kuma zama madogarar 'yan Arewa da suka sami lasisin saye wa hukuma gyaɗa da auduga, waɗanda a da sai sun durƙusa wa kamfanonin Turawa kafin su sami jarin kaka. Ya horar da samari masu yawa aikin banki. Amma banki ne na kasuwanci, yana neman jingina da takardu, yana zaune a manyan garuruwa. Arewa ba ta sami bankin gama kai nata ba a zamanin Sardauna. Sai a shekarun 1970 wasu jihohi suka kafa nasu.

Akwai wani shinge kuma wanda ya fi nisan tafiya tsawo. Duk waɗannan hukumomi da kuɗin ruwa suke aiki, alhali manomin Bungudu ya taso yana jin malaminsa yana cewa riba haramun ce. Ya kan ci bashin ninki a ɓoye saboda dole, amma ba zai ɗauki guminsa ya kai ajiya inda ya san ana juya shi da ruwa ba. Abin mamaki ne a ce wannan ya wuce Sardauna, mutumin da ya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, ya zama mataimakin shugaban Rabiɗatul Alamil Islami, yake kuma zuwa Makka kusan kowace shekara tun hajjinsa na 1955. A 1963 Ahmad an-Najjar ya buɗe bankin ajiya marar kuɗin ruwa ga manoman Mit Gamr a Masar. A wannan shekarar Malesiya ta kafa asusun da ya zama Tabung Haji, inda talakawa ke tara kuɗin aikin hajji kaɗan-kaɗan ana juya musu ta hanyar halal. Dukkan gwaje-gwajen biyu daga ajiyar talaka suka fara. Adalci dai shi ne a tuna cewa sababbi ne ƙwarai a lokacin, kuma shekara uku kacal suka rage masa. Arewa sai da ta jira har 2012 kafin Jaiz ya buɗe ƙofa a Abuja da Kaduna da Kano.

Shi kansa Sardauna ba mai tara dukiya ba ne. An san shi da kyauta, ta riguna da ta kuɗi, ga sarakuna da malamai da mabuƙata, kuma ko abokan hamayyarsa ba su cika zarginsa da azurta kansa ba. Wannan hali shi ne ƙarfinsa a siyasa, amma yana da nasa tasiri a kan hukumomin rance. A gidan sarauta abin da ya fito daga hannun babba kyauta ce, kuma neman a mayar da ita abin kunya ne. Hukumar da ke ba da bashi kuwa ba ta rayuwa sai an biya.

A daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Gidan ne ya zama Gidan Arewa na yanzu. Gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta sa an binciki NNDC, aka tarar da basussuka masu yawa da ba a biya ba, da dama a hannun manyan mutane. A Oktoba na wannan shekarar Bankin Intra ya durƙushe a Beirut, Bankin Arewa ya tsira ya koma hannun gwamnatin Arewa, daga baya ya zama na jihohin da aka fitar daga cikinta.

Gwamnatocin da suka biyo baya kowace ta sake gwada hannunta a kan wannan matsala: bankin manoma mai hedikwata a Kaduna a 1973, shirin lamunin rancen noma da na tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara a 1977, Bankin Al'umma na zamanin Babangida a 1989, manufar ƙananan bankuna a 2005, shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kusan kowanne ya ƙare da ƙorafi biyu da aka ji a zamanin NNDC, cewa ba ainihin manoma ne suka samu ba, kuma waɗanda suka samu ba su biya ba. Gundumomin da Sardauna ya kula da su daga Gusau sun zama Jihar Zamfara a 1996. Masaƙar Gusau ta daɗe a rufe, uwar adashi da mai POS su ne bankin mafi yawan ƙauyuka, manomi da yawa kuma sun sami sabon mai karɓar haraji a daji kafin su shiga gonarsu.

Bankin Arewa ya kai har lokacin da Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25. Bai iya tsayawa shi kaɗai ba. A farkon 2006 ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas. Dogon ginin hedikwatarsa da ke kusa da Ƙofar Nasarawa a Kano, wanda mutanen gari suka saba kira Dogon Banki, gwamnatin jihar ta mayar da shi harabar jami'a, ana kiransa Gidan Ado Bayero.